Shagon Tura Katun da Na Je Yi Wa Faɗa a Birnin Kebbi

Faɗa ne ya fara kai ni shagon nan, don haka duk yabon da za ku ji daga bakina, ku sani ba da shi na fita daga gida ba.

Ɗan yayata da ke zaune a hannuna, yana aji biyu na babbar sakandare, shi ya zare memorin wayata ta aiki ya kai aka goge, aka cika masa da katun. Ni malamin gona ne. Abin da ke cikin memorin nan hotunan shinkafar rani ne na fadamar da ta miƙe daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, wata uku ina tara su gona-gona saboda rahoton ofis. Ranar da na zauna zan haɗa rahoton, ina buɗewa sai ga wani yaro mai gashi kamar an tsoma shi a kurkum, da tsaga uku-uku a kumatu, ka ce Bakabe ne da wanzami ya yi wa rowa. Na danna na gaba, shi ne. Na gaba, shi ne dai. Ko abinci ban tsaya ci ba, na ɗora mai laifin a bayan babur, na ce nuna mini hanya.

Shago ne ɗaya tal a wani lungu, ba shi da allon suna, sai rumfar kwano a gaba da benci biyu. Ciki akwai tsohuwar kwamfutar tebur, da ma'ajiyai huɗu irin waɗanda ake jona mata ta waya, kowace an manna mata takarda an rubuta abin da ke ciki da biro. Gefe guda allon caji ne mai baki kusan talatin, wayoyin unguwa sun rataya a jiki kamar jemagu. Sola yake amfani da ita, sai in hadari ya rufe rana ya tayar da ƙaramin janareto. Mai shagon ba zai wuce shekara ashirin da bakwai ba, ya gama kwalejin kimiyya da fasaha aiki bai samu ba. Yara ba sa kiran sunansa, Sensei suke ce masa, wato Malam da harshen Japan.

Na sauka ina huci. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Kawu, zamna tukuna. Ba mu goge kayan mutum sai mun aje mai kwafi. Yaran wanga zamani memorin iyayensu su ka ɗaukowa, mun saba." Ya buɗe wata jaka a kwamfutar, ya tambayi yaron ranar da ya zo, cikin minti biyar ga shinkafata nan shar, ba hoton da ya ɓata. Wai sati biyu yake ajiye kayan kowa kafin ya share. Wannan ɗabi'a kaɗai ta isa in ba shi maki, domin na san wuraren tura fina-finai da ko tambayarka ba za su yi ba.

Ina jiran hotunan su koma ne ya tambaye ni aikina. Da na gaya masa sai ya yi dariya, ya nuna wata fosta a bango, wani mai farin gashi da ya rufe baki da hanci da ido ɗaya. Ya ce, "To ai ga abokin aikinku nan." Sunansa Hatake Kakashi, malamin su Naruto, wato yaron nan mai gashin kurkum da na tarar a memorina. Hatake gona ke nan da Japananci, kakashi kuwa mutum-mutumin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye. Ni da na ƙare rayuwata ina yaƙi da jan-baki a fadama, ina koya wa manoma rataya tsumma da gwangwani a sanda, sai na ji mutumin ya kwanta mini. Bai bar ni na huta ba ya ƙara da cewa ɗan Goku na Dragon Ball sunansa Gohan, ma'ana dafaffiyar shinkafa. Goku kansa sunansa na yanka Kakarot, daga karas aka ciro shi. Vegeta daga kalmar Turanci ta kayan lambu, Nappa wani irin kabeji ne, Raditz da Broly su ma duk 'yan lambu ne. Wato jaruman da ɗan yayata ke kwana yana kwaikwayon ihunsu a tsakar gida, kayan gwari ne na kasuwa. Na yi dariya har na manta da abin da ya kawo ni. Da muka dawo gida ne na tuna, na cire wa yaron kuɗin makaranta na kwana uku.

Bari in faɗi yadda cinikin yake, tunda shi mai karatu zai fi so ya ji. Zuwana na ƙarshe Naira 200 na biya kan gigabait ɗaya, in ka haura goma yana yin ragi. Yana da fina-finan Hausa da na Indiya kamar kowa, amma ba su ne kasuwarsa ba. Ma'ajiya uku cikin huɗun nan katun ne zalla, mafi yawa na Japan, waɗanda ake kira anime. Naruto yana nan da kashi 220 na farko da 500 na Shippuden. One Piece, wanda aka fara nunawa tun 1999 kuma ya haura kashi 1,100, yana da shi har inda aka tsaya. Akwai Bleach, Death Note, Demon Slayer, Hunter x Hunter, da tsofaffi irin Samurai X. Na Amurka kuma Tom and Jerry, Ben 10, da Avatar, wanda yaran ke rantsuwa na Japan ne alhali tashar Nickelodeon ta Amurka ce ta yi shi a 2005. An jera komai bisa zango da kashi, da lamba, ba irin jibgin nan da za ka ga kashi na 40 ya riga na 4 ba.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsa tambayar da yake yi kafin ya tura: "Da ciko ko ba ciko?" kamar mai shayi na tambayar madara. Ciko shi ne kashin da ba ya cikin asalin labarin. Yadda abin yake, marubucin Naruto, Masashi Kishimoto, babi ɗaya yake fitarwa a mako a mujallar Shonen Jump, daga 1999 har 2014, babi 700. Masu mayar da shi na talabijin kuwa kashi ɗaya nasu yana iya cinye babi biyu ko uku, sai su kamo shi. In sun kamo shi ba za su rufe shago ba, sai su ƙirƙiro nasu labarin su yi ta jan lokaci har ya yi nisa. A Naruto na farko, daga kashi na 136 har kusan ƙarshe, duk irin wannan ne. Sensei ya ware su a jaka daban. Wanda kuɗinsa kaɗan ne, ko memorinsa ƙarami, sai ya ce ba ciko, ya tsira da kusan rabin kuɗinsa. Mai son riba zalla da bai gaya wa kowa wannan ba.

Yanzu ga inda ya ɓata mini rai, kuma ba wuri ɗaya ba ne.

Na farko, a Shippuden ɗin da ya tura mana daga kashi na 132 sai muka faɗa na 134. Na ce "muka" domin a lokacin na riga na shiga ciki, ina fakewa da cewa sa ido nake yi. Wanda ya sani ya san na 133 shi ne inda Jiraiya, tsohon da ya horar da Naruto, ya gamu da ajalinsa a hannun abokin gabarsu Pain. Muna kallo mutum yana tsakiyar faɗa, kashi na gaba an wuce wurin, sai daga baya muka ga Naruto yana kuka a kan benci da askirim yana narkewa a hannunsa. Ɗan yayata ya yi kwana biyu yana cewa ai bai mutu ba tunda ba a nuna ba. Da na koma, Sensei ya duba ya ga fayil ɗin ya lalace a ma'ajiyarsa tun tuni, kuma duk wanda ya tura wa a watannin nan haka ya samu, ba wanda ya dawo ya faɗa. Ya sauke sabo ya ba mu kyauta, amma ai an riga an sha mu.

Na biyu, memorin da na saya a wurinsa. An rubuta 32 a jiki, yana cika 8 sai duk abin da aka ƙara ya ƙi buɗewa. Na yarda shi ma sayar masa aka yi a haka, amma sai da na yi sawu uku kafin ya canza mini, kullum "kaya na hanya daga Kano". Ku zo da naku memorin daga inda kuka amince. Haka kuma filas ɗina ya taɓa kwaso ƙwayar cutar nan mai ɓoye fayiloli daga kwamfutarsa, na kai ta ofis, mai kula da kwamfutocinmu ya yi mini wankin babban bargo. Sai rubutun fassara na ƙasan allo: yawanci Turanci ne, amma mun taɓa samun zango guda cur da wani harshe da daga baya aka ce mana na Indunusiya ne. Ku sa ya buɗe muku kashi biyu ko uku daga tsakiya kafin ku bar wurin. Akwai 'yar jaka ta fassarar Hausa, ba ta da yawa, kuma murya ɗaya ce ke yin jarumi da mugu da budurwa. Yara ƙanana na son ta. Ni kaina ke ciwo.

Kuma kada mu yaudari kanmu, cikin Naira 200 ɗin nan ko kwabo ba ya isa hannun waɗanda suka zana abin. Akwai hanyoyin halal irin su Crunchyroll da Netflix, sai dai suna son katin banki da intanet mai ƙarfi da data da ba ta ƙarewa, abubuwa uku da ba su cika haɗuwa a aljihun ɗan sakandare a garin nan ba. Na faɗa ne don abin yana ɗan sosa mini rai, ba don ina da mafita ba.

Duk da haka ina komawa, kuma ran Asabar nake komawa. Bayan La'asar ake fito da bencina, a ƙara da tabarma, yara da samari su kai talatin, wani lokaci fiye. Mai rake da mai awara sun gane, su ma nan suke kafa tasu. Sensei ya fito da wani littafin rubutu mai bangon Naira ɗari wanda ya sha jiki, a raba jama'a gida biyu, a fara kacici-kacici. Ba a biyan kuɗin shiga. Ya ce da farko ya so ya riƙa karɓar hamsin-hamsin a tara wa wanda ya ci, limamin masallacin lungun ya ce masa wannan caca ce, ya bari. Yanzu ladan gigabait biyu ne kyauta daga aljihunsa. Ana kiran Magariba yake rufe littafin ko da tambaya tana baki, kuma a gaba yake tasa su zuwa masallaci.

Dokar wasan irin ta dandali ce da muka taso da ita. Gidan da ya kasa amsa sai ya ba da gari. "Mun ba ka Jega." Sensei ya ce, "Ban so, albasa ta ishe ni, ku ba ni Yawuri in ci kifi." Sai an ba shi garin da ya yi masa sannan ya fasa amsar. Wani yaro ya taɓa ba shi Konoha, garin su Naruto, ya ce ba ya karɓar garin da kowane zango sai an rusa shi.

Asabar ɗina ta farko tambayar da ta tayar da ƙura ita ce: wa ke yin muryar Goku a na Japan? Aka yi ta jefo sunayen maza na ƙarya. Da aka ba da gari ya ce mace ce, Masako Nozawa, an haife ta a 1936, tun 1986 take wannan ihun, kuma ita ce muryar 'ya'yansa Gohan da Goten. Wurin ya yi tsit. Wani ƙato da ke sanye da rigar Goku ya miƙe ya ce, "Sensei, ka ji tsoron Allah, tsohuwa? Sa'ar kakata?" Aka kunna masa bidiyonta tana Kamehameha, ihun yaƙin Goku, a gaban makirfo, ya koma ya zauna yana salati. Sensei bai tausaya masa ba, ya ƙara da cewa Naruto ma mace ce, Junko Takeuchi, Luffy na One Piece ma haka, Mayumi Tanaka, wadda ita ce kuma Krillin, abokin Goku. Dalilin a fili yake in ka yi tunani: yaro namiji muryarsa za ta fashe cikin shekara biyu, labarin kuwa shekara ashirin zai yi.

Wata tambayar da na so ita ce dalilin da gashin Goku ke komawa rawaya in ya fusata. Yara suka kawo fassarori masu zurfi, wuta ce, zinariya ce, ƙarfin rana ne. Ashe ragwanci ne, ko in ce dabara. Littafin baƙi da fari ake buga shi, kuma cike gashin Goku da baƙar tawada shafi bayan shafi yana cin lokacin mataimakin Akira Toriyama, mai zana Dragon Ball. Sai ya ce to in ya rikiɗe a bar gashin fari, ba sai an shafa komai ba. Toriyama da bakinsa ya faɗi haka. Ya rasu ranar 1 ga Maris, 2024, yana da shekara 68, kuma an ce mini ranar da labarin ya iso, shagon nan kamar gidan makoki.

Akwai wadda ta sa ni gyara zama a matsayina na uba. Ranar 16 ga Disamba, 1997, an nuna wani kashi na Pokémon a Japan mai walƙiyar ja da shuɗi da sauri, aka kwashi yara 685 zuwa asibiti, wasu da farfaɗiya, wasu da jiri da amai. Wata huɗu aka dakatar da shirin. Tun daga ranar na hana kallo cikin duhu da waya manne a fuska. Mai Pokémon ɗin kuwa, Satoshi Tajiri, yaro ne mai yawon kamun ƙwari a daji, daga nan tunanin ya samo asali. Na ce ashe da mun san haka da ba mu bar kamun fara da gyare ba.

Ba duka tambayoyin ne na 'yan zamani ba. Ya tambayi sunan Tom a fitowarsa ta farko a 1940, ba wanda ya san Jasper ne, ni ma ban sani ba, ban kuma san kyanwa da ɓeran nan sun ci kyautar Oscar har bakwai ba. Da ya zo kan Kyaftin Majid, katun ɗin ƙwallon ƙafa, kuwa sai samarin da suka taso gidan da ke da tauraron ɗan'adam na tashoshin Larabawa suka farka. Sunansa na asali Tsubasa, Yoichi Takahashi ya fara zana shi a 1981 bayan ya kalli gasar cin kofin duniya ta 1978 ta shiga ransa. A lokacin Japan ba ta da gasar ƙwararru ta ƙwallo, sai 1993 ta samu, ba ta kuma je kofin duniya ba sai 1998. Iniesta da Torres duk sun ce sun taso suna kallonsa, kuma dukansu sun je sun buga a Japan a 2018. Wani ya ce shi abin da bai gane ba shi ne filin, mutum ya kama gudu da ƙwallo tun farkon kashi har ƙarshe bai hango raga ba. Sensei ya ce ai filin daga Kalgo ne zuwa Bunza.

Sai ranar da na kayar da shi. Ya karanto, "Voltron, wace ƙasa ta yi shi?" Gidanmu ya juyo yana kallona, domin ni kaɗai ne mai furfura. Voltron nawa ne. A talabijin ɗin wani maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati muka kalle shi, wajen lokacin da aka yanke Kebbi daga Sakkwato a 1991, muna tsugune a ƙofar falo mu fi ashirin, sai ka wanke ƙafa a bar ka ka shiga. Talabijin ɗin baƙi da fari ce. Ana ta cewa jan zaki, koren zaki, shuɗin zaki, mu duk toka-toka muke gani, ta murya muke bambance su. Sai da na girma na yi aure na ga launinsu a waya, kuma a nan na bi diddigin abin. Don haka na ce, Japan.

Ya duba littafi ya ce, "Kawu, ka ba da gari. Amurka, 1984."

Na ce ba na ba da ko ƙauye. Kamfanin Toei na Japan ne ya yi shi a 1981 da sunan GoLion, go kuwa biyar ke nan da harshensu, zakuna biyar. Amurkawa saye suka yi, suka yanke jini da mace-mace, suka sa sabuwar murya da sabon suna. Ya ƙi. Yara suka goyi bayan malaminsu, aka ci mu da maki ɗaya, na hau babur ina ƙunƙuni kamar ba ni ne mai 'ya'ya huɗu ba. Asabar ta gaba, kafin ya buɗe littafi, ya miƙe ya ce, "Jama'a, wancan sati Kawu ad da gaskiya, ni na yi kure." Ya ciro biro ya gyara a gaban kowa, ya ce in zaɓi gari. Na karɓi Argungu da kifinta. Malaman da na sani masu digiri biyu ba kowanne zai iya wannan a gaban ɗalibansa ba.

A lungun shagon akwai wani kwali da ba kowa ke lura da shi ba, littattafan zane ne, Naira 50 ka karanta a nan ka ajiye. Akwai tsofaffin Supa Strikas da suka sha hannu har sun yi laushi, wanda asalinsa na Afirka ta Kudu ne, can jarumin Shakes ne, mu nan Shegs muka san shi. Akwai kuma manga, wato littattafan zane na Japan, 'yan ƙwarori da ya tsinto wurin masu gwanjon littattafai. Su daga dama ake buɗe su zuwa hagu. Na ga ɗan boko ya ɗauka ya fara daga ƙarshe, ya ci karo da shafin da ke gaya masa ya juya, ba nan ne farko ba. Wani almajiri da ke kawo cajin wayar malaminsu ya karɓa ya buɗe daidai ba tare da an gaya masa ba, yana bin hotunan da yatsa kamar yana bin allo. Ba ya jin Turanci, amma ya ba mu labarin shafi shida bai yi kuskure ba. Kwalin ya yi kaɗan, kuma ba na gida ko ɗaya a ciki. Na ce masa ya nemo Malika ta Roye Okupe, wadda aka gina kan Sarauniya Amina ta Zazzau. Ya rubuta a bayan littafinsa. Har yau dai ina jiran yaron da zai zauna ya zana mana Kanta da ganuwar Surame, ga labari har labari yana kwance.

Iyaye, ga inda za ku buɗe ido. Kalmar katun tana ruɗinmu, muna ɗauka duk abin da aka zana na yara ne. Sensei ya raba jakar yara da ta manya, amma in layi ya yi tsawo ba ya tsayawa tantancewa. Da idona na ga ya tura wa yaron da bai wuce shekara goma ba Attack on Titan, inda ƙattai ke cinye mutane ɗanye. Na yi masa magana, ya ce ai a Japan ma a mujallar samari aka buga shi. Gaskiya ne, amma samarin Japan ba ni na haife su ba. Ko Naruto da Dragon Ball akwai tsofaffin banza guda biyu, Jiraiya da Roshi, masu leƙen mata, akwai kuma tayar da matattu da roƙon dodo ya biya buƙata. Ni ban hana ba, na zauna ne ana kallo da ni, inda ya kamata a tsallake a tsallake, inda ya kamata in ce wannan tatsuniya ce irin ta Gizo in faɗa. Wanda ba shi da lokacin wannan, ya tsaya kan Tom and Jerry da Kyaftin Majid.

Sai maganar 'yan mata. Ba mace ko ɗaya a rumfar nan ran Asabar, kuma ni ma ba zan kai tawa cikin ƙattai talatin ba. Amma 'yata mai shekara goma sha uku ta fi ɗan yayata sanin abin nan nesa ba kusa ba. Ita ce ta gaya mini yaron nan mai binciken kisa, Conan, daga sunan Arthur Conan Doyle mai Sherlock Holmes ya aro sunansa. Da na kai kuka, Sensei ya ɓullo da tambayar gida: duk Asabar yana rubuta guda ɗaya a ƙananan takardu, 'yan'uwa su kai wa 'yan mata, a dawo da amsa kafin Laraba, da sharaɗin ba a duba waya ba, amana ce. Sau biyu tana cin gigabait ɗin. Ba daidai yake da zama a fage ana ba da gari ba, ita ma ta faɗa, amma ya fi babu.

Wanda zai je, ya je da safe in tura kaya kawai yake so, domin daga Azahar kwanon rumfar nan gasa mutum yake, balle a watan Afrilu. Ya riƙe memorinsa, ya ce ba ciko, ya duba lambobin kashi da idonsa.

Takardar wannan makon tana manne a ƙofar firjinmu: wane katun ne ya fi kowanne daɗewa ana nuna shi a talabijin? Na ce The Simpsons, tunda tun 1989 ake yi. 'Yata ta yi mini kallon tausayi, ta ce in kawo Naira 500 ta gaya mini. Na yi ciniki har 300. Wai Sazae-san, labarin wata matar aure da iyalinta, tun 1969 ake nuna shi a Japan duk ran Lahadi. Jiya na biya ta shagon na ce a tura mini in gani. Sensei ya sosa ƙeya ya ce ko kashi ɗaya ba shi da shi.